Ni da Jarka, Daga Kontagora Zuwa Kandi

Tun da na dawo daga Kandi ban huta ba. Gidan suna, gidan biki, har gidan gaisuwa, sai an sami wadda za ta matso ta ce, "Inna Kulu, wai da gaske ne?" Wasu labarin ƙasar suke so su ji. Wasu kuma labarin jarka, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya, su ne suka daina aiko da kwalba sayen man gyaɗa a wurina. To na gaji da maimaici. Ni ban yi boko ba, shi ya sa na kira Talatu maƙwabciyata, wadda ta koyar a firamare har ta yi ritaya, na ce ta zauna ta rubuta yadda na faɗa. Na gaya mata in ta ƙara ko ta rage zan sani, don zan kai wani gida a karanta mini.

Ga mafarin abin. 'Yata ta fari, wadda ba na kiran sunanta kuma Talatu ba za ta rubuta shi ba, ta yi ta fama da kasala bayan damina. Ita kaɗai Allah ya bar mini cikin waɗanda na haifa. Aka ɗebi jininta a nan Kontagora, aka ce a tafi Kaduna. Na bi su, ba don komai ba, sai don a sami mai riƙe jaka.

Likitar mace ce, siririya, da tabarau. Ta gama duba takardu ta juyo gare ni.

"Mama, kina girki?"

"Tun kafin a haife ki."

"Madalla. To a bayan maƙogwaron kowa akwai wasu 'yan abubuwa guda huɗu, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba. Aikinsu ɗanɗana jini, yadda kike ɗanɗana miya. Abin da suke nema kalsiyam ake ce masa, shi ne abin da ke sa ƙashi ya yi ƙarfi. In sun ji ya yi kaɗan, su aika wa ƙashi ya sako, su ce wa ƙoda ta riƙe. In ya isa, su yi shiru. Na 'yarki ya isa har ya wuce, amma ba su yi shiru ba."

Na ce a yi musu tsawa mana. Ta ce abin iri biyu ne. Wani, 'yan abubuwan ne suke kumbura su haukace, su riƙa cin ƙashi suna tara tsakuwa a ƙoda, wannan sai an buɗe wuya an cire. Wani kuwa harshen ne kawai aka halitta haka, miya ta ji gishiri zau, shi yana cewa daidai take. Masu irin wannan, jininsu a sama yake tun haihuwa, ba ya fita sosai a fitsari, kuma su tsufa ba abin da ya same su. In aka yanka su an yanka a banza, jinin yana nan yadda yake. Dukansu ana iya gadonsu, daga uwa ko daga uba. An sa yarinyar ta tara fitsarin yini da kwana an auna, ya tsaya a tsakiya, bai ce wannan ba bai ce wancan ba. An auna jikokina biyu ba a ga komai ba, amma ta ce wannan ba hujja ba ce, wani ɗa ya ɗauko wani ya tsallake.

An riga an sa ranar aiki, saura sati uku. Na tambayi abin da kan biyo bayan aikin. Ta ce yawanci lafiya lau, amma wata muryarta kan dushe, wata ta zauna da shan magani. Akwai gwajin da ake karanta rubutun gado da ke cikin jini, sai dai ƙasar waje ake aikawa, ba zai dawo kafin ranar ba.

"Mafi sauƙi mu auna manya a dangi. In muka sami tsoho mai irin jininta kuma lafiyarsa ƙalau, an fasa wuƙa. Mama, mu fara da ke."

Na ce a'a. A gidanmu ba a ciwo. Uwata da taɓarya a hannunta ta yi sallama da duniya. Dangin uban yarinyar kuwa, Allah ya jiƙansa, mutanen kirki ne, amma iska in ta kaɗa sai su nemi tabarma. In gado ne, can ne. Ban da haka, ni ba na ba kowa abin da ya fita daga jikina. Gashin da na taje ma binne shi nake yi.

A dangin uban nata saura mutum ɗaya, ƙaninsa Ɗanjuma, mai shayi a Kandi ta ƙasar Binin, shekara talatin ke nan. Aka kira shi a waya aka yi masa bayani. Ya yi dariya har ya sarƙe, ya ce a gaida matar yaya, ya kashe. Na san ko da igiya ba zai zo ba. Amma na ga yadda yarinyar ta tara nata, na riƙe ƙa'idar kaf. Sai na ɗauko wata jarkar man gyaɗa mai ruwan ɗorawa, na wanke ta da toka da sabulu sau uku, na kife ta a rana. In shi ba zai zo ba, abin da ake nema zai zo.

Mijin yarinyar, tela ne, ya aiko a gaya mini ba zai bar ni in tafi ni kaɗai ba. Shekara ashirin da aurensu ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba. Yanzu ga mu za mu ƙetare ƙasa tare.

A tashar Kontagora ya shiga gaba, na shiga baya, jarka a cinyata. Ba mu kai ko'ina ba na ce, "Direba, tambayi na kusa da kai ko ya ɗauko katin rigakafi."

"Malam, wai ka ɗauko?"

"Ka ce wa Inna na ɗauko, har da nata."

"Direba, ka ce masa ya ɗaga gilashi, iska na shigar masa kunne."

Da aka yi haka sau biyar ko shida direban ya ce, "Inna, shi fa yana jin ki. Tsakaninku bai kai kamu biyu ba."

Na ce masa tuƙi aka ɗauke shi yi.

A Yawuri aka tsaya. Duk wanda ya bi hanyar ya san kifin Yawuri, ƙamshinsa tun daga nesa yake shiga mota. Tela ya sayo mini, ya ajiye a kan kujera yana kallon sama. Na ce wa direba ya gaya masa ba na jin yunwa. Cikina kuwa kuka yake har Bafillatanar da ke gefena ta waiwayo. Da na ga tela ya yi wajen masallaci, na ɗauki kifin cikin mayafi na zagaya bayan wata tirela mai kayan albasa. Na tsuguna, na ɓare takarda, na kai loma ɗaya. Ina ɗaga kai, ga mutum tsugune a wajen ɗaya tayar, da kan kifi a bakinsa. Shi ma ɓuya ya zo yi. Ya miƙe, na miƙe. Ya yi gabas, na yi yamma, muka sake haɗuwa a gaban motar. Har yau ba wanda ya tayar da maganar, kuma in ya ji an karanta wannan, ya ci gaba da yin shiru.

Daga Koko muka sake mota, muka haye gadar kogin Kwara, muka bi ta Ka'oje. Hanyar nan ba zan ce komai a kanta ba, ƙuguna ne ya san ta. La'asar sakaliya muka kai bakin iyaka. Wani mai kaki, dogo mai gashin baki, ya duba katunanmu, sannan ya ƙwanƙwasa jarkata ya ji ta fayau.

"Mama, kowa da cikakkiya yake ƙoƙarin fita, ke da wofi?"

"Cikowa zan yi."

"Da me?"

Tela ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Na ce, "In na dawo ka gani."

Na wancan gefen Faransanci suke yi, magana ta hanci kamar masu mura. Ɗaya ya iya Hausa, amma tamkar da zazzafar doya a bakinsa. Muka kwana a Segbana gidan wani mai masaukin fatake, ni ɗakin matarsa, tela a zaure. Da safe ta kawo mini burodi dogo kamar sandar makiyayi. Na ɗauka na jiya ne ya bushe, na yi niyyar in yi mata faɗa a kan ba baƙo kwantai, ashe haka suke gasa shi da gangan. Na jiƙa shi a koko ya yi hankali.

Kandi gari ne mai tsabta, ba zan hana su wannan ba. Amma rana na take tsaka suke rufe shaguna su tafi su kwanta, manya da gemunsu, sai can wajen la'asar su buɗe. A Kontagora in ka rufe shago da azahar, kafin ka farka maƙwabcinka ya gaje masu sayenka. Matansu kuma babur suke tuƙawa, da goyo a baya da kwando a gaba. Na ga wata sa'ata ta wuce fuu, ɗankwali na tashi. Na kalle ta yadda ya kamata. Gaisuwarsu "fofo", kowa fofo, ko ya san ka ko bai san ka ba. Cukunsu ja suke rina shi, ban san laifin fari ba, sai dai in an soya shi an jefa a miyar gyaɗa da sakwara, to a nan na yi shiru na ci.

Teburin Ɗanjuma yana bakin zango. Ya tsufa, ya yi tumbi, haƙoran gaba sun tafi, bakin dai yana nan. Yana hango ni ya ajiye buta.

"La'ilaha! Matar yaya! Kin gaji da zaman gwauranci kin biyo ni? Jama'a ku tashi, amaryata ta iso, har da jarkar gara!"

"Shekara talatin, Ɗanjuma, ko a hanya ba ka tsinci hankali ba?"

"Me za a zuba a ciki?"

"An gaya maka a waya."

"Layin ba kyau. Faɗi da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi."

Masu shan shayi sun kai takwas a kan benci, duk sun bar kofunansu suna jira. Tela ya tashi ya tafi duba wata bishiya. Na ce, "Abin da kake zubarwa kullum a banza, shi za ka yi sadaka da shi yau." Benci ya kwashe da dariya, wani ya fassara wa waɗanda ba su ji ba, aka sake wata.

A gida na yi masa bayanin likita tun daga ƙwayar shinkafa har zuwa harshe. Ya saurara, ya karkata hula.

"Tsaya. Harshen da miya ta ji gishiri yana cewa daidai take? Kuma a gidanmu kike nemansa? Matar yaya, ni fa na ci miyarki. Yaya da randa a gefensa yake cin tuwo. Ke an auna ki?"

Na ce lafiyata ƙalau, ya kama bakinsa.

Washegari da safe na nemi jarka na rasa. Matarsa Safura, 'yar ƙabilar Dendi ce, doguwa marar yawan magana, tana shara ba ta ko kalle ni. Na tambaye ta. Ta ce ba ta gani ba. Na ce na ga sawun gindinta a ƙasa har ƙofar ɗakinki. Sai ta jingine tsintsiya.

"Yaya, ni ba yarinya ba ce. Mace ta taso daga wata ƙasa ta ɗebi na mijina ta tafi da shi garinsu? Kiranye za a yi masa ya koma Kontagora ya bar ni da yara."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna abin da na gaya wa likita da bakina. Da ni ce ita, ba ɓoye jarkar zan yi ba, ƙona ta zan yi. Na zauna a kan turmi. Na ce mata, "Safura, mijinki ko kyauta aka ba ni ba na so. 'Ya ɗaya gare ni. Wuyanta za a yanka." Ban taɓa faɗin haka da baki ba sai ranar, kuma muryata ta yi wani iri, ina jin sanyin safiya ne. Ta shiga ɗaki ta jawo jarka daga ƙarƙashin gado, ta ce, "Rana taki, dare nawa. Ba zai zubar da ko ɗigo ba."

Ƙa'idar ita ce, na farkon safiya a zubar, daga nan duk abin da ya zo a tara har na safiyar gobe. In aka kuskure sau ɗaya, an koma farko. Na ɗauki kujera na zauna nesa kaɗan da teburinsa, inda nake ganin hanyar makewayi. In ya miƙe, in nuna jarka da baki. Masu shan shayi suka mayar da abin wasa, da ya motsa sai su ce, "Alhaji, ga jarkarka."

Ranar farko komai daidai har la'asar. Ya tafi masallaci, ya dawo yana gyara mazagi, fuskarsa sakayau. Na dube shi.

"A ina?"

"A ina me?"

"Ɗanjuma."

"Wallahi mantuwa ce, matar yaya. Shekara sittin ina yi ba da rakiya ba."

Muka zubar, na wanke, muka koma farko. Rana ta biyu ya zama mutumin kirki har na fara zargi. Kafin magariba jarka ta yi nauyin da bai dace ba. Na ɗaga ta a hasken rana, na ga wani abu yana yawo a ciki. Na kira Safura. Ganyen shayi ne, har da guntun citta. Wai yana so ya taimaka ne a cika da wuri in tafi in bar shi ya sarara. Safura ce ta yi masa faɗa, da Dendanci, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na gamsu. Rana ta uku tela ya ɗauki aikin raka shi masallaci da jarka cikin buhu, yana tafe a bayansa kamar dogari. Da gari ya waye aiki ya kammala. Mai shayi ne, yini yake kurɓa, saura kaɗan jarka ta kasa. Na toshe bakin da leda, na murɗa marfi, na ɗaura jan ƙyalle a hannunta.

Da za mu tafi Safura ta ba ni cuku guda huɗu. Ɗanjuma ya rako mu tasha, ya bari sai da mota ta tashi sannan ya ɗaga murya, "A gaida 'yata! In an tashi auna mai gishiri a kira ni in zo kallo!"

A bakin iyaka, mai gashin bakin nan ne dai. Ya gane ni.

"A'a, Mama, an ciko! Fetur ne ko man gyaɗa?"

"Ba ko ɗaya."

"Sai na duba."

"Ɗana, ina ba ka shawara, kar ka buɗe."

Aikinsa yake yi, ban ga laifinsa ba. Ya kwance leda, ya murɗe marfi, ya kai hanci. Jarkar nan ta sha rana tun daga Kandi. Ya mayar da marfin a hankali, ya ɗaure ledar da kansa, ya miƙo mini da hannu biyu. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Allah ya ba da lafiya." Bai tambayi na wane ne ba, ban kuma gaya masa ba.

Motar da muka samu daga nan ta cika, direba ya ce jarka sai but. Na ƙi, ya rantse ba abin da zai same ta, ya ajiye ta kusa da tasa ta fetur, ita ma mai ruwan ɗorawa. Mun wuce Ka'oje ba mu kai gada ba mota ta yi tari ta tsaya. Mai ya ƙare. Kowa ya fito, na sami inuwa na zauna ina kallon wasu shanu, tela ya matsa can nesa don kar ya tsaya kusa da ni. Ina waiwayowa na ga direba ya soka mazurari a tanki, ya ɗago jarka, jan ƙyalle yana lilo a hannunta.

Babu direban da zan aika, shi ne mai laifin. Na miƙe na ƙwala, "Isuhu! Jarka!"

Ban san tela na da gudu ba. Ya yi tsalle ɗaya ya rungume ta, shi da direba suka zube a ƙasa, yana riƙe da ita sama kamar jariri. Direba na cewa, "Malam lafiya? Mai ne fa zan zuba!" Tela ya miƙe. Ya kawo mini ita, ya durƙusa ya ajiye a gabana, kunnuwansa har rawa suke. Shekara ashirin, sai a dajin Ka'oje na kira sunan surukina, gaban mutum goma sha. Na ce wa wata mata da ke kusa, "Ki ce masa an gode." Daga nan har Kontagora a cinyata ta zauna, kuma ba wanda ya matse ni a kujera.

Muka kwana ɗaya a gida, muka ɗauki yarinyar muka wuce Kaduna. Saura kwana tara a yi aiki. Na shiga ofishin likita na dire jarka a kan teburinta, na ce ga dangin uba.

Ta tambayi mene ne. Tela ya ba ta labari yana kallon bango. Ta cire tabarau, ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna girgiza. Da ta ɗago ta share ido ta ce, "Mama, kwana uku a zafi, cikin jarkar mai, kuma babu jinin mai shi da za a gwada da shi. Ba abin da zan iya aunawa a nan. Mutumin na ce a kawo."

Da na yi tunani, haka ta ce.

"Kuma ko shi ya zo aka ga ba shi da shi, ba a gama ba, don wansa zai iya ɗauka shi ya tsallake. Akwai wadda ta fi shi kusa. Tana zaune a gabana."

Yarinyar ba ta taɓa roƙona komai ba tun tana ƙarama, haka na rene ta. Hannunta kawai na gani ya tafi wuyanta yana shafawa, ita ba ta ma san tana yi ba. Na tuna Safura ta jawo jarka daga ƙarƙashin gado. Ita baƙuwa ce, ko ganin yarinyar ba ta taɓa yi ba.

Tela ya fita. Jim kaɗan ya dawo da sabuwar jarka fara ta asibiti, ya ajiye a tsakiyar ɗaki, ba kusa da kowa ba, ya sake fita. Na ce wa likita, "Gaya wa wanda ya ajiye wannan, in ya ba wani labari sai na ci mutuncinsa." Na nannaɗe hannun riga na miƙa mata.

Yini da kwana na yi a gidan wata 'yar garinmu ina abin da na sa Ɗanjuma, ba mai gadi, ban kuma kuskure ko sau ɗaya ba. Aka ɗauki hoton ƙodata, aka duba ƙashina. Bayan kwana uku likita ta kira mu, takarda a hannunta, tana murmushi tun daga ƙofa.

"Mama, jininki ya fi na 'yarki hawa. A fitsari kuwa kusan babu. Ƙodarki tas, ƙashinki ya fi nawa. Kin wuce sittin da abin nan ba ki sani ba. Irin mai lafiya ne, kuma daga wurinki ta ɗauko."

Na ce a sake aunawa. Ta ce an auna sau biyu. Za su aika da jininmu a karanta rubutun don a tabbatar, za a riƙa duba mu shekara-shekara, kasalar kuma ƙarancin jini ne, ga magani. Aiki dai an fasa.

Tela ya yi sujada a kan siminti. Yarinyar ta rufe fuska da mayafi. Ni tambaya ɗaya na yi, ko abin nan ya shafi miya. Likita ta ce ko kaɗan, misali ne kawai ta kawo. Na sa aka kira Ɗanjuma a waya ta maimaita masa da bakinta. Ya ce ya ji, amma shi ya ci miyar, likita ba ta ci ba. Ya ce kuma a dawo masa da kayansa tunda ba a yi amfani da su ba.

To masu tambaya, kun ji. Na ƙetare Kwara, na ci burodin sanda, na kira sunan surukina a daji, ina neman abin da ke zaune a wuyana tun ranar da aka haife ni. Kuma ina nan a kan bakata, a gidanmu ba a ciwo. Likita ma ta ce ba ciwo ba ne.

Ran Juma'ar da aka sa za a yi aikin, yarinyar ta zo gaishe ni. Ta durƙusa daga bakin ƙofa kamar kullum. Na ɗauko murjanin uwata da ke ƙasan adaka, wanda ban taɓa bari kowa ya taɓa ba, na ajiye a bakin tabarma na ce wa bango, "Wuyan da ba tabo, a sa masa wannan." Ta ɗaura. Na ce ta gyara mayafinta, ta tashi ta duba mini wuta.

Jarka kuwa, a Kaduna na bar ta, a gabana aka jefa ta inda suke ƙona shara. Waɗanda ke cikin ɗakina duk na mai ne, ba wadda ta taɓa zuwa Kandi. Gobe akwai suya, kowa ta aiko da kwalbarta.